Roba mai tsukewa: daga fur ɗin maƙwabta zuwa tukunyar yashi

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Ƙanena ya dawo daga Kano jiya da daddare, ya kawo mini abin da na yi wata biyu ina damunsa a kai: fallayen roba mai tsukewa, guda 20 a kwali ɗaya. Da kuɗin kayan da ɗan abin da na ƙara masa na mota, abin ya tashi jaka 7, wato sefa 7,000, ke nan kowane falle ya faɗo mini a dala 70, wato sefa 350. Da zai miƙo mini sai da ya ce, "Yaya, yanzu a kan wannan ledar kika sa na zaga kasuwa?" Ban ga laifinsa ba. A ido ba ta da wani kwarjini: falle ne siriri kamar bangon littafin lakwal, gefe ɗaya santsi, ɗayan da ɗan kaushi.

Kitso nake yi a gida, nan unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi. Duk wadda ta taɓa kawo ɗiyarta kitson Sallah ta san yadda tsakar gidana ke zama: yara goma suna jiran layi, wannan na kuka, waccan ta tsere waje. So nake kafin Sallah in haɗa ƴan ƙunsoshi, kowace yarinya ta zana abin adon gashinta da hannunta tana jira, in gasa mata, in ɗaura mata a kitson da aka gama. Zan riƙa rubuta yadda ake ciki a nan, don na san halina da mantuwa, musamman a wajen kuɗi.

Abin da na karanto a waya: sunan robar polistirin, ita ce mai lamba 6 a cikin ɗan alwatikan da ake bugawa a gindin kayan roba. A masana'anta ake ɗumama ta, a ja ta tsaye da kwance har ta yi siriri, a sanyaya ta a haka. In ta sake jin zafi sai ta koma yadda take tun farko, ta ƙanƙance ta yi kauri. Wasu mata biyu a jihar Wisconsin ta Amurka, Betty Morris da Kate Bloomberg, su suka mai da ita abin wasan yara a 1973, da sunan Shrinky Dinks. Matan gida ne su ma, wannan ya ɗan ƙara mini ƙarfin gwiwa.

Lahadi, 12 ga Janairu

Gwajin farko, a fur ɗin lantarki na maƙwabciyata mai yin kek. Muka sa shi a digiri 160. Babbar ɗiyata, mai shekara 9, ta zana fure da fensirin kala a gefen mai kaushi, na yanke mata da almakashi, muka ɗora a kan takardar gashin kek, muka tsugunna mu uku muna leƙe ta gilashi.

Da farko shiru. Can sai gefen furen ya ɗaga, ya lanƙwashe, ya nannaɗe kansa kamar ganyen da ya faɗa wuta, har baki ya kusa haɗuwa da baki. Ɗiyata ta ƙwalla ƙara, "Mama, ya lalace!" Ni ma hannuna ya kai ga murfi, maƙwabciyata ta riƙe ni. Sai ga shi yana warwarewa a hankali, yana kwanciya, ya koma ɗan mitsitsi. Duka-duka bai fi minti biyu ba. Muka fito da shi, na danne da gindin kofi na ɗan lokaci. Ya yi tauri kamar maɓallin riga, kuma jan da ta shafa sama-sama ya koma ja wur. Launi yana taruwa wuri ɗaya ne, don haka sai a gaya wa yara kada su danna fensir.

Zubi na biyu muka sa guda biyar. Suna tsakiyar nannaɗewa aka ɗauke wuta. Muka jira, muka jira, fur ya huce, suka sandare a murɗe. Da wuta ta dawo bayan isha'i muka mayar, uku suka miƙe, biyu sun riga sun manne da kansu, sai shara. Ga darasin ranar farko: ba zan iya tara ƴaƴan mutane in dogara da wutar da ban san lokacin tafiyarta ba. Ga kuma nauyin shiga gidan mutane kowace Asabar.

Laraba, 15 ga Janairu

Na yi rula da ragowar robar: na ja layin santimita 10, na gasa, ya dawo santimita 4. A jikin kwali an ce tana komawa kashi ɗaya cikin uku, tawa ba ta kai nan ba. Na ajiye rular, da ita zan riƙa auna girman zane.

Litinin, 20 ga Janairu

Na shiga babbar kasuwa neman abin da zai rage mini dogaro da Kano. Tunda an ce lamba 6 ce, na bi masu sai da robobin zuba abinci ina juya gindin kowace, har wani yaron shago ya tambaye ni ko wani abu ya ɓace mini. Yawancin masu haske garai-garai lamba 1 ne ko lamba 5, ba su yi. Farin mazubin nan mai kamar soso shi ma lamba 6 ne, amma ba shi ake nufi ba. Lamba 3 kuwa ko kusa da wuta ba a kai ta, hayaƙinta guba ne. Na samu murafe huɗu masu lamba 6, dala 40.

Na goge su da samfefa mai laushi don fensir ya kama. Sun tsuke, amma ba daidai ba: da'irar da na zana ta fito kamar ƙwai, gefe ɗaya ya fi ɗaya shiga. Dama an riga an matsa su a injin da ya ba su siffar murfi, jan da aka yi musu bai zama ɗaya ba. Don gwajin zafi sun isa. Don abin da uwa za ta biya kuɗi, a'a.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau na yi ɓarna, bari in rubuta ta dalla-dalla.

Innata ce ta kawo shawarar. Ta ce, "Ke, mu da muka gasa kek a tukunyar yashi tun ba a haife ki ba, mi ne ne fur?" Na samo tsohuwar tukunya wadda ba a girki da ita, na zuba yashi kamar kaurin yatsu uku, na ɗora a murhun gawayi, na rufe. Na bar gawayin ya kama sosai, ja-ja-wur, irin na suyar gyaɗa. Kuskure na farko ke nan. Na biyu, na shimfiɗa kwali kai tsaye a kan yashin, na jera guda shida da na ɓata dare ina zanawa, har da dagi guda biyu. Na uku, murfin ƙarfe ne, ba na ganin ciki, sai na ce bari in ƙirga minti biyu kamar na fur.

Ban kai ƙarshen ƙirga ba ƙauri ya tashi. Ina buɗewa hayaƙi ya bugi fuskata, kwalin ya yi baƙi, robar ta wuce tsukewa ta narke, ta yi ƙuraje-ƙuraje, yashi ya manne a jikinta. Dagin nan biyu sun dunƙule kamar an tauna cingam an tofar. Warin ya tsaya mini a maƙogwaro har la'asar. Allah ya taimake ni a tsakar gida nake, kuma yara suna islamiyya. Maigida da ya shigo ya ce, "Wa ke ƙona taya a gidan nan?" Ban tanka ba.

Falle guda ya tafi, dala 70, da gawayin dala 30. Abin da ya fi ci mini rai zanen ne. Amma na gane inda matsalar take: yashi na riƙe zafi fiye da yadda nake zato, kuma robar nan ba wuta take so ba, iska mai zafi take so. Daga wajen digiri 100 ta fara laushi, 160 ya ishe ta, abin da ya wuce haka lalata ne.

Talata, 28 ga Janairu

An dace. Ga yadda na yi, don kada in manta:

Na rage gawayi, na bari sai da ya yi toka a sama. Na kifa gwangwanayen tumatir ƙanana uku a kan yashi, na ɗora ɓallen tayil a kansu, takardar kek a kan tayil, ke nan robar ba ta taɓa yashi ba. Na sayi murfin gilashi na gwanjo, dala 150. Maƙwabciyata ta ara mini ma'aunin zafinta na fur. Tukunyar ta ɗauki kusan minti 15 kafin ta kai 160, kuma in na janye gawayi biyu-uku tana tsayawa a wurin. Kafin in sa na gaske sai in jefa guntun murfin kasuwa: in ya nannaɗe ya kwanta lafiya, zafi ya yi, in ya yi ƙuraje, sai in buɗe murfi ta sha iska.

Uku-uku nake sawa, nesa da juna. In sun kwanta sai in ƙara ƙirga talatin, in ɗauko takardar gaba ɗaya, in danne da wani tayil mai sanyi. Shida na sa, shida suka fito. Innata ba ta ce komai ba, ta dai ɗauki ɗaya ta ɗaure a bakin zanenta.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Zama na farko da yara, su shida, daga shekara 6 zuwa 11, ƴan unguwa, ban karɓi ko dala ba. Rabin falle kowace, wanda ke fid da guda uku.

Na yanke hukunci tun kafin su zo: zane nasu ne, wuta tawa ce. Na ja layi da gawayi a ƙasa, taku uku daga murhu, na ce wadda ta tsallake ba a gasa nata. Ɗaya bayan ɗaya nake kira su leƙa ta gilashi, hannu a baya.

Na buga musu samfuri a takarda don su ɗora robar su bi layi: wata da tauraro, fure irin na lalle, zanen ƙwarya, raƙumin dawa irin na garin Kure. Biyu kawai suka bi. Sauran kowa da abin da ke ranta: ɗaya ta yi tutar Nijar, har da ɗigon ruwan lemo a tsakiya, ɗaya ta zana akuyar gidansu. Akuyar ta fi duk samfurina kyau.

Matsaloli uku. Hunturu ya sa robar tana jan ƙura kamar mayen ƙarfe, in aka gasa da ita sai ta zauna a ciki ɗigo-ɗigo. Dole a share da tsumma mai ɗan danshi a gefen santsi kafin a sa. Na manta ban huda guda biyu ba kafin gashi, bayan gashi kuwa ba ta hudawa, da na matsa da ƙusa ɗaya ta tsage. Ta ukun ita ta jawo kuka. Wata ƴar shekara 8 ta rubuta sunanta da kyau a gefen kaushi, aka gasa, ta juya gefen mai sheƙi, wanda shi ne fuska, sai ga suna a birkice kamar a madubi. "Tanti, ba sunana ba ne wannan!" Na rarrashe ta da wani rabin falle. Yanzu dabarar ita ce a rubuta sunan a siririyar takarda, a kifa ta, a bi ta baya.

Wata uwa da ta zo ɗaukar ɗiyarta ta ja ni gefe ta ce kada in bari su rubuta sunan Allah ko aya, tunda abu ne da zai faɗi ƙasa, a shiga bayi da shi. Gaskiyarta, ban yi wannan tunanin ba. Na sa shi cikin dokoki.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Gam ya ba ni kunya. Na manna adon a kan maƙalan gashi na ƙarfe da gam ɗin nan mai kamawa nan take. Ya bar farin hazo a jikin robar, sheƙin ya mutu, kuma kwana uku kacal huɗu daga cikin shida suka ɓalle. Ɗiyata ta dawo daga lakwal da maƙali tsirara, furen ya ɓace a hanya. Gam mai zafi na bindiga kuwa sai da lantarki, mun koma gidan jiya. Na kuma gwada shafa jan farce marar launi don kare zanen, sai ya narkar da tawadar maka, baƙi ya bi ko'ina.

Telan bakin layinmu ne ya warware mini, ban ma tambaye shi ba. Na kai ɗinkin Sallar yara, ya ga ɗaya a hannuna, ya jujjuya ya ce, "Hajiya, ai wannan maɓalli ne. Ki yi masa ido biyu ki ɗinke." Shi ke nan. Abin huda takarda na ofis yana yin rami na milimita 6, bayan gashi ya dawo biyu da ɗan kai, daidai allura da zare ninki huɗu. Ido biyu a tsakiya, a ɗinke a jikin lastik ɗin ɗaure gashi. Na ja da ƙarfina bai cire ba. Maƙalan ƙarfen dala 120 suna nan ajiye, asara.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Hannuna bai daina rawa ba. Ina shanya, na waiwayo na ga auta, mai shekara biyu, ta yi shiru a gindin turmi, kumatu a cike. Na sa yatsa na zaro tauraro ɗaya daga bakinta, irin mai tsini biyar. Ya ɗan yanke ta a dasashi, jini kaɗan, ta yi kuka ta yi barci. Da ta haɗiye fa?

Tsinin da bai kai komai ba a falle, in ya tsuke ya yi kauri sai ya zama kamar ƙaya. Daga yau babu kusurwa mai tsini, duk abin da za a yanke sai an zagaye bakinsa. Tauraro da dagi a cikin da'ira za a zana su, a yanke da'irar. Babu abin da zai gaza santimita 9 kafin gashi. Ba na ɗaura wa yarinyar da ba ta kai shekara 3 ba, ko uwarta ta roƙa. Gasassu kuma a gwangwani mai murfi, saman kwaba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yara takwas. Lafiya lau, guda ɗaya ce ta manne. Saura falle 9.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Lissafi. Da niyyata ƙunshin falle guda cur a jaka 1. Na faɗa wa mata uku masu zuwa kitso, duka ukun suka yi dariya iri ɗaya. Ɗaya ta ce, "Haba Maman yara, da dala 20 fa nake sayen na kanti, har da ƙyalƙyali." Ba ƙarya ta yi ba, na kanti sun fi arha, kuma ba zan taɓa kamo su a farashi ba. Sai dai ɗiyarta da ke zaune a gabana ana mata kitso ta ce ita akuya take so irin ta ƙawarta, kuma akuya ba ta kanti.

Na koma rabin falle: roba sefa 175, lastik uku 75, takardar samfuri 25, leda 10, gawayi da zare in ce 40. Ya kama 325. In na sayar dala 100, wato 500, saura 175 a kowane ƙunshi, ban sa wahalata ba, ban sa fensira da murfi da abin da na ƙona ba. Ba kuɗin da za a yi gini da shi ba ne. Amma ranar Asabar da ta wuce yara goma suka zauna, na yi kitso huɗu ba wadda ta yi kuka, wannan ma riba ce da ba ta shiga lissafi.

Mata biyu sun ce in ba su ƙunshin su tafi da shi gida su gasa da kansu. Na ƙi. Na san yadda za a yi: a tukunyar miya, a cikin ɗaki, yarinya na tsaye a kai. Su tafi da shi a zana a gida, a dawo mini da shi in gasa, wannan na yarda.

Saura falle 4. Na tura wa ƙanena jaka 14 na kwali biyu, ta hannun direban da ke bin hanyar Ɗan Isa.

Talata, 4 ga Maris

An ɗauki azumi. Tsayuwa a kan murhu da rana ba zai yiwu ba, zafi ya fara shigowa. Na mai da gashi bayan tarawi, yara su yi zane da hantsi. Kaya ba su iso ba.

Asabar, 15 ga Maris

Kaya sun iso ranar Laraba, amma ba irin na farko ba ne: duka gefe biyun santsi ne, fensir ba ya kamawa. Mai shagon ya ce wa ƙanena waccan ta ƙare. Sai da na zauna dare biyu ina goge falle 40 da samfefa, tsaye sannan kwance, har yatsuna suka yi fari. Na sake gwajin rula: wannan santimita 10 tana dawowa 3 da rabi, don haka na ƙara girman samfura, na kuma matsar da idanun maɓallin nesa da juna kaɗan.

Wani abin da ban zata ba: manyan ƴan mata, masu 11 da 12, sun ce su gashinsu a rufe yake, wa zai gani? Ɗaya ta tambaya ko za a iya ɗinke shi a kan fil ɗin hijabi. Mun gwada da fil mai kulle, ya zauna daram. Biyar sun riga sun biya.

Asabar, 22 ga Maris

An sayi ƙunshi 31, na gasa na mutum 24, saura bakwai ba su dawo da zanensu ba. Na ce musu Laraba ce ranar ƙarshe, don daga Alhamis hannuna na cikin gashin mutane har daren Sallah, ba zan taɓa murhu ba. Murfin gilashin ya yi ɗan tsagu a gefe, jiya na ɗora shi da zafinsa a kan siminti mai ruwa. Ina lallaɓa shi, in ya kai ni Laraba sai in nemi wani bayan Sallah. Gobe zan sayi lastik dozin uku, baƙaƙe, farare suna saurin datti. Mai akuya ta dawo da sabon zane, wannan karon akuyar da ƴaƴanta biyu, ta ce a ɗaura mata uwar a tsakiya, ƴaƴan a gefe da gefe.